Ganyen da Akuya Ta Rage Mana

Yau kwana ashirin da dawowata daga Kudan, kuma ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, har a hanyar maƙabarta wani ya matso yana raɗa mini, "Malam Haruna, yaya kuka ƙare da tsohon?" Wanda ya dawo daga Makka ma mako guda ake yi masa sannu a ƙyale shi. Amsar da nake bayarwa kullum ita ce hanyar ba ta da kyau. Gaskiya ne ba ta da kyau, amma na san ba ita kuke tambaya ba. To, malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuto labarin abin da ya gani da idonsa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga shi nan daki-daki, wanda ya gaji ya nemi inuwa.

Saboda wanda ba ɗan ƙauyenmu ba, bari in fara daga tushe. Muna cikin gundumar Saulawa ta Ikara. Shekara bakwai da suka wuce ƙungiyarmu ta manoma ta yanke shawarar dasa mangwaro mai aure a filinta na bayan gari, wato irin wanda ake yanko reshen mangwaro mai daɗi a ɗaura shi a kan gindin ɗan gida har su haɗe. Aka aiki Iliya, ƙanin matata, domin ya taɓa aikin rake a wajen Kudan, ya san wani tsoho mai renon dashe da ake kira Baba Tanimu. Ya kawo guda arba'in a baƙar leda. Muka dasa, muka kewaye da ƙaya, muka yi ta jidar ruwa a jarka duk rani. Ni ma na ba da tawa gudummawar. A damunar farko ni na bi su da askata ina gyarawa, jama'a suna sa wa hannuna albarka.

Shekara biyar muna haɗiyar yawu. Da suka yi 'ya'ya, sai ga ɗan gida mai zare, ƙanana kamar ƙwan zabo, irin wanda in ka sha ɗaya da hantsi kana neman tsinken sakace har la'asar.

Nan malaman majalisarmu suka rabu mazhaba biyu. Ta farko ta ce tsohon ne ya ga wawa ya cuce shi. Ta biyu ta ce Iliya bai ma kai Kudan ba, a bakin hanya ya kwaso na banza. Aka laƙaba masa suna Iliya Zare. Ya daina zama a majalisa. Shekara biyu ke nan yana sallah a sahun baya, yana fita kafin a shafa addu'a. Bana da itatuwan suka sake maimaita halinsu, ƙungiya ta ce a sare su a shuka masara, amma kafin nan a tura mutum ya je ya tsare tsohon, a san ko Iliya wawa ne ko ɓarawo. Zaɓi biyu aka ba shi, ka ga adalci. Aka zaɓe ni domin an ce ina da haƙuri, kuma yanzu ni mai ilimi ne, tunda ina karanta allon bakin hanya in motar ba ta gudu.

Aka haɗa ni da Iliya, tunda har da shi ake ƙara. Muka shirya shaida iri biyu. Ƙaramin buhu cike da mangwaron, da reshe guda mai ganye da na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Iliya ya ce, "Yaya, reshen na mene ne? Ko can za ka dasa shi?" Na ce masa mai ƙara ba ya raina shaida, wanda ake ƙara kuma ba ya yawan magana.

Ɗan acaba ya sauke mu a tashar Ikara da sassafe. Direban motar Makarfi ya ce saura mutum ɗaya a tashi. Wannan mutum ɗayan ban san daga wace ƙasa ya taso ba, sai da rana ta take kafin ya iso, kuma da ya iso sai ya zama mutum uku da buhun barkono. Aka shirya mu kamar kara a rumbu. Ni ƙafata ɗaya tana cikin mota, ɗayar tana wurin da ban sake jin labarinta ba sai da muka sauka.

Wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ke gefena ta sunsuno buhun. Ta ce, "Ɗana, wannan ƙamshin na sadaka ne ko na kallo?"

Na ce, "Inna, shaida ce, shari'a za mu."

Ta ce, "To ai shaida sai an tantance ta."

Ta tantance uku. Ta miƙa wa na bayanta, shi ma ya miƙa, har direba ya zuro hannu ta bayan kujera ba tare da ya waiwayo ba. Kafin mu fita gari mota ta zama kotu. Dattijuwar ta yanke hukunci cewa wanda ya sayar da wannan ba zai ga Annabi ba. Mai barkono ya ce a'a, laifin mai saye ne, ai ido ba ado ba ne. Iliya yana kallon taga kamar ana maganar wani. Ni kuwa ina gyaɗa kai ga kowane ɓangare, kamar yadda ya kamata ga mai ilimi.

Sai muka iso iyaka. Ku da ba ku taɓa fita ƙasar waje ba, bari in kwatanta muku. Tsakanin Ikara da Makarfi akwai wani katako mai ƙusoshi a kwance a kan titi, da igiya a ɗaure a jikinsa, da mutum biyu a gindin darbejiya riƙe da ƙarshen igiyar. Ban ga kaki a jikinsu ba, ban ga allo ba, ban kuma tambayi wanda ya aiko su ba, domin mai ƙusa ba a tambayarsa. Babbansu ya zagayo ya leƙa, idonsa ya sauka a kan reshena.

"Wannan fa?"

"Reshen mangwaro ne, ranka ya daɗe."

"Kayan gandun daji ke nan. Ina takardarsa?"

Na ce bishiyar tamu ce, mu muka dasa. Ya ce bai tambayi uwar ba, ɗan yake tambaya. Iliya ya buɗe bakin buhu ya ɗan karkata shi. Nan take doka ta yi laushi. Mutumin ya cika aljihunsa biyu da hularsa, ya gatsa ɗaya a gabanmu, ya tsaya, ya sa yatsa a haƙori yana jan zare kamar maɗinki. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ku." Aka ja katako muka shiga ƙasar Makarfi.

Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Aka ciro safaya, sai aka ga ita ta riga 'yar'uwarta rasuwa. Direba ya tari babur ya tafi da tayar, ya ce yanzun nan. Mun riga mun san irin yanzunsa, saboda haka muka saɓi kayanmu muka ƙarasa gari a ƙasa, cikin zafin bazara, ina yayyafa wa reshen ruwan da ya kamata in sha.

Ranar kasuwa ce a Makarfi. Muna ratsawa sai ga wani mai sayar da dashe ya jera su a inuwar rumfa, ganye kore shar, faɗi kamar tafin hannu, yana ƙyalli sai ka ce an shafa masa man gyaɗa. Wataƙila ma an shafa. Kowanne da zoben farar leda a ɗaure a wuyansa. Yana ganina ya naɗa ni Alhaji.

"Alhaji, duk masu aure ne. Dubi ganye. Ganye ba ya ƙarya."

Iliya ya tsuguna, ya sa babban yatsa ya ture zoben ledar sama. Jikin sumul, ba tabo, ba gaɓa.

Ya ce, "Ina wurin auren?"

Mutumin ko gezau. Ya ce, "Ai in aure ya yi daɗi ba ya barin tabo."

Da muka wuce na ce wa Iliya ka gani, abin da tsohonka ya yi maka ke nan, ya ɗaura wa ɗan gida rawani ya ce sarki ne. Ya ce, "Nawa da tabo, Yaya. Da idona na gani." Na ce idon nan naka shi ya kawo mu nan. Na ji daɗin maganar sosai a lokacin, har na maimaita ta a zuci don in kawo muku tsaraba.

Yamma ta yi, ba halin wucewa, sai muka sauka gidan wani tsohon abokin Iliya, Malam Sabo mai dafa mazarƙwaila. Mutanen kirki ne, amma suna da al'ada. Mu a gida baƙo ruwa ake fara ba shi. Su mazarƙwaila suke fara ajiye maka, sannan ruwa, sannan wata mazarƙwailar don kada ruwan ya zauna shi kaɗai. Gaisuwarsu ma da abu a baki ake yi. Ana cikin ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, sai na ga Malam Sabo ya ɗaga buhunmu da kansa yana cewa, "Haba, har da wahala haka? Allah ya bar zumunci." Ya shige da shi cikin gida. Na buɗe baki, Iliya ya taka mini ƙafa. Wa zai bi tsaraba cikin gidan mutum ya ce a dawo da ita? Can aka aiko daga ciki cewa an gode, Allah ya ƙara arziki. Ba a aiko cewa ya yi daɗi ba. Matan gidan masu tsoron Allah ne.

Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Saura shaida ɗaya a hannuna, don haka na ba ta kulawa ta musamman. Na sake jiƙa tsumman, na jingine reshen a gindin randa inda ke da sanyi.

Da asuba muka dawo daga masallaci muka tarar da akuyar gidan tsaye a gindin randa tana taunawa a natse, tana kallona kamar ni ne na shigo mata ɗaki. Ganye uku ta bari a can ƙarshen reshe. Ban sani ba ko ƙoshi ta yi ko tausayi. Malam Sabo ya ba da haƙuri, ya ce ba halinta ba ne, yawanci ba ta ragewa.

Iliya ya ce, "Yaya, da buhu muka fito. In tafiyar ta kai Zariya, mu ma cinye mu za a yi."

Daga Makarfi muka hau mota zuwa Tashar Yari, muka tsallaka babban titi da ranmu a hannu, muka hau acaba mu biyu a babur ɗaya muka nufi fadamar da ke bayan Kudan. Hanyar nan ita ce wadda nake ce muku ba ta da kyau. Ɗan acaban ya ce ya san gidan Baba Tanimu kamar gidan ubansa, sannan ya tambayi mutum huɗu. Ni ganyen nan uku suna cikin aljihun gabana, na dafe su da hannu kamar laya.

Na yi zaton zan tarar da mutum mai tumbi da babban gida, irin wanda ya ci haƙƙin talakawa. Sai ga ɗan tsoho siriri a zaune a kan kifaffen turmi, da reza a hannu da ledar ɗauri a rataye a wuya, ga dashe jere-jere a gabansa, wasu a ƙarƙashin rumfar kara, wasu a fili cikin rana. Muka durƙusa muka gaisa. Ya gane Iliya tun kafin ya faɗi sunansa. Ya ce, "Na Saulawa, mai arba'in. Yanzu kam kun gaji da sha."

Na gyara murya zan fara, ya ɗaga hannu. Wai a wurinsu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Mu a gida tun mutum bai sauka daga babur ba mun tambaye shi, kuma kafin ya amsa mun riga mun san ƙarya zai yi. Aka kawo faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Na ci a ɗarare, domin da wuya ka zagi mutum da cokalinsa a bakinka. Na ƙara kwano na biyu don kada ya ga kamar ina gaba.

Sannan na yi jawabin da na shirya tun daga gida. Na kawo maganar amana, na kawo jarkokin ruwa, na kawo shekara biyar, na kawo Lahira. Ya saurara har na ƙare. Ya ce, "Ina mangwaron?"

Na ce an sha a hanya.

"Duka?"

Iliya ya ce, "Bai da daɗi ne, Baba, shi ya sa."

Na ciro ganyen uku na ajiye a tafinsa. Na ji kunya, amma shi bai yi dariya ba. Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya lanƙwasa shi, ya murje shi tsakanin yatsu ya kai hanci.

Ya ce, "Ɗan gida ne."

Na ce, "Abin da ya taso mu ke nan, Baba."

"Kuma nawa ne. Ga uwarsu can bakin rijiya, ƙwallonta nake shukawa in yi gindi da shi." Ya tashi ya tsinko ganye biyu, ɗaya daga bishiyar bakin rijiya, ɗaya daga wata gajeruwa mai faɗin kai, ya jera su da namu a kan turmi. Namu da na bakin rijiya kamar tagwaye, dogaye, sirara, masu tsini kamar mashi. Ɗayan ya fi faɗi, ya fi kauri, gefensa yana ɗan lanƙwashe-lanƙwashe. Ya ce in murje in sunsuna. Namu warin ƙaro yake, mai hawa kai. Ɗayan ƙamshinsa a kwance, kamar ɗanyen mangwaro daga nesa.

Na ce, "To ka amsa ke nan."

Ya ce, "Na amsa gindin nawa ne. Ina kan da na ɗaura masa?"

Ban gane ba. Ya ce mu biyo shi. Ya tsaya a kan wani dashe da bai wuce gwiwa ba. Ga ɗaurin leda a tsakiyarsa. A ƙasan ɗaurin wani toho ya fito, kore, kakkaura, da manyan ganye, har ya zarce tsawon uwar. A saman ɗaurin kuwa 'yan ganye ne huɗu, jajaye, sun yi laushi sun rataya kamar an watsa musu tafasasshen ruwa.

Ya ce, "Iliya ya ce kai mai ilimi ne. In gonarka ce, wanne za ka bari?"

Na miƙa hannu wajen koren tohon, sai na janye shi.

Ya ci gaba da bayani yana shafa ganyen, ba ya ko kallona. Ya ce na ƙasan ɗan gida ne, yana kusa da saiwa, shi yake fara shan ruwa, shi ya sa ganyensa ke saurin girma. Na saman baƙo ne, an yanko shi daga wata uwa, abincinsa sai ya ratsa ta wurin ciwo kafin ya kai gare shi, dole ya yi nawa. Jan ganyen nan ba cuta ba ce, jariri ne, in an ba shi mako biyu zai yi kore ya yi tauri. Ya ce, "Mai saurin ganye daban, mai daɗin 'ya'ya daban. In ka bar na ƙasa, zai kashe baƙon da yunwa. In kuma ka cire baƙon da hannunka, ka huta da jira." Ya sa farce ya ɓalle koren tohon ya yar. Ya dubi Iliya. "Ban ba ka takarda ba?"

Iliya ya laluba aljihu ya ciro wata leda, cikin ledar wata leda, cikinta takarda da ta yi launin ƙasa. Na gane ta. Ranar da ya kawo dashen ya nuna mini ita, ya ce tsohon ya ce a ba wanda ya iya karatu. A lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma na karɓa, na juya ta, na duba bayanta, na ce masa rasit ne, ya adana. Ya kuwa adana shekara bakwai, ya kawo ta nan don ta wanke shi.

Baba Tanimu ya miƙo mini. Ya ce, "Idona ya yi rauni. Karanta mana."

Na sha karatu a gaban aji ana yi mini dariya, ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar ba. Na bi shi gaɓa-gaɓa, da yatsa, yadda malam ya koya mana. Layi uku ne. "Duk tohon da ya fito a ƙasan ɗauri a cire shi, komai kyansa. Na sama shi ne mangwaron. Kada a taɓa shi ko da ganyensa ja ne."

Yanzu ku saurara, ku masu tambaya. A damunar farko Iliya yana kwance da ciwon ƙafa. Na je filin ƙungiya na ga kowane dashe da kai biyu, ɗaya lafiyayye, ɗaya ja kamar mai mutuwa. Shekara talatin ina rage dawa a rami, in tsige raunana in bar mai ƙarfi, ba wanda ya taɓa ce mini na yi kuskure. Na wasa askata. Na datse jajayen, daga ƙasan ledar ma, don na ga kamar ita ce ta shaƙe su. 'Yan kaɗan da ba su yi tohon ƙasa ba, su ma na datse musu kai don kada cutar ta yaɗu, suka kuwa toho da kyau daga gindi. Hantsi biyu na yi a kan aikin. Kun ce ni mai haƙuri ne, kun yi gaskiya. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Tsohon ya ce, "To wane wanzami ne ya bi su?"

Iliya ya juyo ya dube ni. Ya san na gyara su, duk gari an sani, bai dai taɓa tambayar irin gyaran ba, tunda ya tashi daga jinya ya tarar da su kore shar ana ta yabo. Ya ce, "Wanzaminmu ba ya tsallake gida, Baba."

Na zaci tsohon zai rama jawabina, har da Lahirar. Bai yi ba. Ya ce ba ni ne na farko ba, manoman hatsi sun fi kowa yi masa wannan ɓarnar, shi ya sa ya fara ba da takarda, bai san takardar ma sai an yi mata takarda ba. Ya zagaya da mu ya nuna mana yadda ake zaɓen dashe. Ya ce a matsa ganye a ji, in yana da tauri kamar fata, kuma ganyayen suna kusa da juna a jikin kara, wannan ya sha rana, zai jure gona. In faffaɗa ne mai laushi, tsakaninsa da ɗan'uwansa da nisa, ɗan inuwa ne da aka ɗura wa taki, mako ɗaya a fili zai kwanta. Na tuna da mutumin kasuwar Makarfi. Ashe gaskiya ya faɗa, ganye ba ya ƙarya, sai dai a samu wanda bai iya jin maganarsa ba.

Na gaya masa za a sare itatuwan. Nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce saiwar shekara bakwai ba abin yarwa ba ce. A datse su daidai ƙirji a farkon damuna, a bar su su toho, shi da kansa zai zo ya ɗaura musu sabon kai, cikin shekara biyu ko uku a sha abin da aka yi niyya. Sharaɗinsa ɗaya, a ɓoye askata. Ya ba Iliya dashe ɗaya mai kai biyu ya ce a nuna wa jama'a.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Makarfi. A iyaka mutumin katako ya gane mu, ya leƙo ya ce in dai irin na jiya ne mu wuce, ba ya so. Sai da muka hango Ikara na ce, "Iliya, in mun isa kai za ka yi bayani ko ni?"

Ya ce, "Ni wa zai saurara? In wawa ne ni, ba a jin maganar wawa. In ɓarawo ne, kare kaina nake. Kai ne mai ilimi, Yaya. Ba sauri nake ba, na saba."

Shi ke nan na yi kwana ashirin ina ba ku labarin hanya. A cikin kwanakin nan na ga an kai gatura wurin maƙeri. Na ga Iliya a sahun baya sau ɗari, ban yi kuskuren lissafi ba, salla biyar ce a rana. Matata ta daina tambayata, ta koma ajiye mini tuwo ba magana, wanda ya fi tambayar ciwo. Dashen mai kai biyu yana bayan ɗakin Iliya, bai nuna wa kowa ba.

Gobe Juma'a, bayan an sauko ƙungiya za ta zauna a sa ranar sara. Zan karanta wannan a gabanku, a hankali, don ba ni da wani karatun sai na hankali. Tsohon bai cuce mu ba. Iliya ba wawa ba ne, ba ɓarawo ba ne, ya kawo abin da aka aike shi har da takardarsa. Ni Haruna ni na yanke mangwaron na bar muku zare. Wanda zai laƙaba mini suna ya laƙaba, na ga kun iya. Sai dai kafin ya buɗe baki ya tuna ko yana cikin waɗanda suka riƙe mini reshe ranar, ko waɗanda suka tsaya a inuwa suna cewa hannun Malam Haruna da albarka. Na tuna kowa, kuma yanzu na iya rubuta suna.

Ɗazu da la'asar na je gidan Iliya na karanta masa tun daga farko, don in ji ko na tsallake wani abu. Na kai masa askar ma, a naɗe a tsumman da akuya ta bari. Ya karɓa ya sa a aljihu. Ya saurara har ƙarshe yana ɓare gyaɗa, bai yi dariya ba ko a wurin akuyar. Da na gama na ce yaya ka ji.

Ya ce, "Karatunka ya yi kyau, Yaya. Amma wurin nan da ka ce ni Haruna, kaza ta yi kuka, ban ji sosai ba. Koma."

Na koma. Babu kaza a gidan Iliya. Sau uku na karanta masa.